Adakar da Kawu ya bari

Maradi, unguwar Bagalam

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da iskar bakin teku ta Dakar. Mu nan sai godiyar Allah. An gama girbi, gero ya ɗan sauko, hazo ya fara rufe gari da safe. Na gode da kiran da ka yi lokacin rasuwar Kawu, Allah ya bar zumunci.

Wani abu ne ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa, don ba zai yiwu a waya ba. Bayan sadakar arba'in, magada sun raba gida da gona da 'yan awaki, amma babu wanda ya ko kalli adakar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadonsa. Ni ma na manta da ita. Sai ran nan na aiki yaro sayen ƙosai, ya dawo da shi ƙunshe a cikin wata takarda da mai ya jiƙa. Ina warwarewa na ga rubutun Kawu, irin tsayayyen nan na mutanen da suka yi boko zamanin Turawa, da jerin lambobi. Ko ƙosan ban ci ba, na zari takalmi sai gidan Inna. Ta ce, "To me za a yi da su, ɗan nan? Gara ma tana ci." Ashe ta riga ta ba mai ƙosan bakin titi dami guda. Na bi na karɓo abin da ya saura, na biya ta dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, tana yi mini kallon wanda ya taɓu.

Ka san Kawu ya yi shekara kusan talatin yana aikin banki, tsakanin Yamai da Damagaram da nan. Abin da ban sani ba shi ne bai taɓa yar da takarda ba. Akwai sanarwoyin Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, da rahotanninsa na shekara-shekara, da kofen wasiƙun da aka buga da tafireta a kan takarda shara-shara kamar ɓawon albasa. Na jera su a kan tabarma bisa shekaru, sai na lura da wani abu da na sha ji amma ban taɓa gani da idona ba. Tsofaffin duka adireshin Paris ne a kansu. Sai a 1978 hedkwatar ta koma Dakar, shekara goma sha takwas bayan mun karɓi mulkin kai. A kan na wannan zamanin akwai sunan Abdoulaye Fadiga, mutumin Kwaddibuwa, baƙar fata na farko da ya shugabanci bankin.

Wani kundi daban ya ɗaure shi da zare, na batun ajiyar da muka riƙa yi a baitulmalin Faransa. Yarjejeniyar 1973 ta ce kashi 65 cikin 100 na kuɗin waje da ƙasashenmu suka tara a can za a ajiye su, ita kuma Faransa ta tsaya mana cewa duk mai riƙe da sefa zai iya canza ta zuwa kuɗinta a kan farashi tsayayye. An rage zuwa kashi 50 a 2005, sannan a Disamban 2019 shugabannin Kwaddibuwa da Faransa, Ouattara da Macron, suka sanar a Abijan cewa an soke wajibcin ajiyar. Kawu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin 65 ɗin, ya rubuta a gefe da Hausa: "Raƙumi namu, akala a hannun wani." A shafi na gaba kuma ya rubuta: "Amma bai taɓa gudu da kaya ba." Ka ji Kawu. Ko a zaure ba ya bari ka kama shi a gefe guda, shi ya sa samarin da ke zuwa jayayya da shi kan sefa suke tashi da haushi.

Takardun bashi suna da yawa, ban daɗe a kansu ba don Faransancinsu ya fi ƙarfina. Labarin dai ka san shi: yuraniyam na Arlit ya yi tsada zamanin Shugaba Kountché, aka ciwo bashi aka yi gine-gine, farashi ya faɗi, a 1983 muka je gaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya da masu bin mu bashi a Paris neman a ɗaga mana ƙafa.

Inda na kwana biyu ban iya tashi ba shi ne wasu littattafan rubutu guda uku irin na 'yan makaranta. Ashe kullum bayan la'asar, in ya tashi daga aiki, sai ya biya wajen 'yan canji ya tambayi yadda naira ta wuni, ya dawo ya rubuta. Ba wanda ya sa shi. A cikin manyan rahotannin nan da kyar ka ga an ambaci naira, alhali kai da ni mun san cinikin Maradi a kan Katsina da Kano yake rataye, kuma Jibiya ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Ka duba Afrilun 1984. Buhari ya canza launin takardun naira, ya ba da 'yan kwanaki a kai tsofaffi banki, ya kuma rufe iyaka. Alhazan garin nan suna da naira buhu-buhu, ba hanyar shiga da ita. A waɗannan kwanakin layin farashi babu komai, sai ɗigo-ɗigo. A ƙasa ya rubuta cewa wani abokin hulɗarsu ya zo ofis da buhu, ya zauna a kan benci har aka tashi, bai ce uffan ba. Ga fari kuma a shekarar. Ka tuna El Buhari kakanninmu suke kiran wannan yunwar, kuma iyakar ba ta buɗe ba sai 1986.

Sai Agustan 1993, da babban banki ya daina sayen takardun sefa da aka fitar wajen ƙasashen da ke amfani da ita. Kawu ya rubuta kalma ɗaya: "Hadari." Bai yi ƙarya ba. Ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar daga nan Dakar ɗinku cewa an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake ba mu a dala goma ya koma dala ashirin. Muna aji nawa a lokacin? Abin da na riƙe kawai shi ne Baba ya dawo daga kantin magani hannu wofi, yana ta salati. A littafin Kawu, ranar 12 ga wata, ya jera farashin sukari da madara da siminti, ya soke, ya sake rubutawa, ya sake sokewa, har takardar ta huje.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. An ce mini a hedkwatar bankin akwai gidan tarihin kuɗi. In ka sami sarari, don Allah ka leƙa ka tambaya ko suna karɓar takardun tsofaffin ma'aikata, ko su nuna mana wanda ke karɓa. Ni dai zuciyata ta fi son su zauna a nan, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, inda jikokin masu buhunan naira za su iya karantawa, amma ina son jin yadda masu sana'ar ke adana irinsu. Wasu wasiƙun na ware su gefe, don akwai sunayen waɗanda suka ci bashi ba su biya ba, kuma 'ya'yansu muna haɗuwa a masallaci. Waɗannan ba inda za su.

Kafin nan na ɗora adakar a kan bulo huɗu, na barbaɗa toka a ƙasa saboda gara, kuma kowane dare ina ɗaukar hoton shafi ashirin da waya. Zan fara turo maka na 1994, ka fassara mini inda na kasa.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko a Dakar ma ana sayen tsohuwar takarda dala ɗari.

Naka har kullum,
amininka na Bagalam