A riƙa shirya zuciyar ma'aikaci kafin ritaya, ba aljihunsa kaɗai ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan 'yan ritaya, amma ba maganar kuɗin fansho da garatuti da kullum ake ta kuka a kai ba, wannan kam kowa ya san halin da ake ciki. Ni abun da ke damuna shi ne yadda ake sallamar mutum daga aiki babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa malam ga fa yadda rayuwa za ta koma.

A aikin gwamnati a Najeriya doka a fili take, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da sakandare ne aka ƙara musu zuwa 65 ko 40 a dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022. Wato tun ranar da mutum ya karɓi takardar kama aiki ya san ranar tafiyarsa, amma sai ka ga saura shekara biyu an fara zarya kotu ana rantsuwar rage shekaru. Wasu za su ce kwaɗayin albashi ne, eh akwai wannan, amma wallahi da yawa tsoron zaman gida ne kawai. Wanda ya fara aiki yana ɗan 22 fa yana 57 zai ajiye, da ƙarfinsa, me zai yi da safiyar Litinin?

Toh in an kira bitar masu shirin ritaya me ake koya musu? Kiwon kaji, kiwon kifi, yadda ake cike fom. Za a yi bayanin tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004 lokacin Obasanjo, da gyaran 2014 da ya sa ma'aikaci ke zuba kashi 8 gwamnati ko kamfani kashi 10, a raba ruwa da mitfai a tashi. Duk waɗannan suna da amfaninsu. Amma ba wanda zai gaya wa darakta cewa wayar nan da ke ƙara tun asuba za ta yi tsit, direba zai koma wurin sabon oga, masu durƙusawa suna ranka ya daɗe za su fara gaishe shi daga kan babur, in ma sun gaishe shi kenan, kuma in ya koma tsohon ofis ɗinsa bin fayil yaron da shi ya ɗauka aiki zai ce masa Baba a ɗan jira a waje.

Sai kuma cikin gida, nan ne ma rikicin yake. Matar da ta yi shekara talatin tana tafiyar da gidanta daga safe zuwa la'asar babu mai sa mata ido, yau ga maigida a tsakar gida yana ƙirga magi, yana tambayar ina man gyaɗan da aka sayo shekaranjiya. Ba mugunta ba ce, mutum ne da ya saba ba da umarni kuma ya rasa wanda zai ba. Ga albashi ya tsaya, fansho sai an yi watanni ana jira, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ga dangi sun ji labarin garatuti kowa da buƙatarsa. Daga nan sai rashin barci, sai faɗa babu dalili, sai hawan jini. In ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa a ce masa rashin tawakkali ne, shi kenan ya haɗiye abunsa.

Na lura mata 'yan ritaya, malaman makaranta da nas-nas, sun fi mu jurewa, saboda dama can ba su yar da biki da suna da islamiyya da adashi ba. Mu maza ne muke mai da ofis ya zama shi ne dangi shi ne majalisa.

Shawarata, wata ukun nan na ƙarshe da ake ba mutum ya shirya ya yi kaɗan, a fara wannan bitar tun saura shekara biyar, tun ranar gini ake zane. A gayyato waɗanda suka riga suka yi ritaya su faɗi gaskiyar abun da suka gani, ba 'yan kwangilar bita masu karanto takarda ba, kuma a zo da matan aure su ma su ji. Shi ma ma'aikacin ya taimaki kansa, ya fara leƙa majalisar unguwa tun yana da kujera, ya shiga kwamitin masallaci ko na makarantar yara, ya koma gaban malami ya ɗauko karatun da ya ajiye tun yana saurayi. Wanda bai je jana'izar kowa ba shekara talatin don wai yana mitin, kar ya yi mamaki in ya dawo unguwa aka yi masa kallon baƙo.

Ku ma 'yan jarida Edita, ku ware ko rabin shafi ne a mako 'yan ritaya su riƙa ba da labarinsu da bakinsu, ba sai ranar da suka fito zanga-zanga da kwalaye za a ɗauki hotonsu ba.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani ma'aikacin gwamnati daga Zariya