Kafin a saya wa yaro kibod ɗin koyon kiɗa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin iyayen da 'ya'yansu suka fara koyon fiyano a nan Jos, a makaranta ne, a coci ne, ko wajen masu situdiyo. Da malami ya ce a nemo wa yaro abin gwaji a gida, sai ka ga uba ya shiga kasuwar Taminus ya ɗauko wani kibod mai fitilu ja da kore, da makirfo a jiki, don kawai kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan kayan wasa ne. Da kuɗin nan da ɗan ciko, gara a nemi Yamaha ko Casio na hannu mai lafiya.

Cikakken fiyano madannai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36. Mai farawa ba ya buƙatar wannan duka. Mai madannai 61 ya ishe shi shekara biyu ko fiye, amma kada a sauka ƙasa da haka, domin da ya fara kiɗa da hannu biyu zai ga wuri ya ƙare masa. A kuma duba girman madannan. A tafi da tef ɗin tela: farare bakwai a jere su kai kusan santimita 16. In sun gaza sosai, ƙananan madannai ne irin na Casio SA-76, kuma yatsun da suka saba da su za su yi ta kuskure ranar da yaro ya zauna gaban kayan malaminsa.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne ko kibod ɗin yana jin nauyin hannu. Danna madanni ɗaya a hankali, sannan ka buge shi da ƙarfi. Idan sautin ya fito iri ɗaya, to ba ya ji, kuma yaro ba zai koyi sassauta hannu da ƙarfafa shi a kansa ba, alhali rabin daɗin kiɗan fiyano a nan yake. Suna kaɗai ba ya wadatarwa: Yamaha PSR-E373 yana ji, PSR-E273 ba ya ji, Casio CT-S300 yana ji, CT-S200 ba ya ji. Lamba ɗaya ce ta raba su, mai shago kuma ba lallai ya faɗa maka ba. A karanta sunan kamfanin harafi-harafi, a duba takardar lambar da ke manne a ƙarƙashi, saboda akwai jabu masu kwaikwayon suna.

Akwai wani tarkon kuma. Wasu kibod ɗin masu kyan gani da araha ba su da sifika, ba su da sauti nasu, sai an haɗa su da kwamfuta. Na masu haɗa kiɗa a situdiyo ne, ba na yaro ba.

In an sami wanda ya kwanta a rai, kada a biya sai an kunna shi a gabanka. A zaɓi muryar fiyano, a bi madannan nan 61 ɗaya bayan ɗaya, har baƙaƙen, kowanne sau biyu, a hankali da kuma da ƙarfi. Minti biyar ne, kada kunyar mai shago ta hana. Ga abin da ake nema: ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai ɗigon baƙi biyu da ke taɓa allon lantarki ɗaya bayan ɗaya, tazarar lokacin da ke tsakaninsu ce ke gaya wa na'urar ƙarfin bugu. Idan ƙura ta toshe ɗaya, madannin zai riƙa ihu ko da an lallaɓa shi, ko ya yi gum. Wannan ƙaramin ciwo ne. Mai gyara zai kwance, ya goge wurin da auduga da sifirit, ya mayar, don haka dalili ne na neman ragi. Amma idan madannai da yawa ne suka mutu bisa tsari, misali kowane na takwas, matsalar ta kai ga waya ko allon kansa, sai a haƙura da shi. A ƙure murya a saurari sifika biyun ko akwai mai karkarwa. A buɗe gidan batir: farin gari ko tsatsa a jikin ƙarafan alama ce batir ya taɓa fashewa a ciki. A girgiza bakin adafta a raminsa, in ya ɗauke ya dawo, dalmar wurin ta saki.

Adafta kuwa ita ce ajalin yawancin kayan nan. Ƙananan Yamaha irin PSR-E wuta bolt 12 suke ci, sababbin Casio irin CT-S300 bolt 9.5, tsofaffin Casio da dama kuma bolt 9, kuma na tsofaffin nan a juye yake, alamar ragi ce a tsakiyar baki maimakon ta tarawa. Wai don baki ya shiga rami ba shi ne ya dace ba. A dubi ɗan zanen da ke kusa da ramin a gwada da na jikin adaftar. Kayan da suka fito daga Amurka sau da yawa adaftarsu ta bolt 120 ce, tamu wutar kuwa 230, ana sokawa za ta ƙone. A cire daga soket in an ɗauke wuta ko za a tayar da janareta. Yawancin kibod ɗin yanzu suna aiki da ƙananan batir shida, masu caji sun fi sauƙi ga aljihu, sai dai kada a bar su a ciki in za a ajiye kayan ya daɗe.

Feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe, ba dole ba ce a watannin farko. In za a saya, a nemi mai ɗan makunni a gindi, domin tsarin Yamaha da na Casio sun saɓa, fedar da ba ta dace ba sai ta riƙe sauti lokacin da aka ɗaga ƙafa. Abin sauraro na kunne ya fi ta amfani a gidan haya.

Saura mazauni. Kada a ɗora kibod a gado ko tabarma yaro ya duƙa a kai. A sami teburi da kujerar da in ya zauna, gwiwar hannunsa za ta yi daidai da madannai, ƙafarsa kuma ta sami abin takawa. Da hunturu ƙurar Jos ba ta da sabo, a rufe shi da zane mai kauri duk bayan gwaji, a nisanta shi da taga da kofin shayi.

Idan yaro ya yi nisa har malami ya fara maganar jarrabawar fiyano, a lokacin ne za a nemi mai madannai 88 masu nauyi irin Yamaha P-45. Mai 61 ɗin nan, in an riƙe shi da kyau da adaftarsa ta asali, ba ya rasa mai saye, kuɗinsa sai ya zama somin-taɓin na gaba.

Na gode.

Wani malamin kiɗa,
Jos, Jihar Filato