A Riƙa Nuna Wa Baƙin Yankari Furannin Dajin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi kira ga masu kula da dajin Yankari da ke Alkaleri, wanda aka keɓe tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962.

Mai zuwa giwa yake nema ya gani, sai wanka a ruwan Wikki. Itatuwan kuwa ba mai duba su, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Da hunturu gurjiya kan zubar da ganye kaf, sannan ta fito da jajayen furanni manya a kan reshe tsirara. Kaɗanya na biye da ƙamshin da ke tara ƙudan zuma. Wajen Fabrairu zuwa Maris tutun ɗorawa ke reto, wanda jemagu ke bi da dare su yi masa barbara. In babu su, daddawa ma za ta yi wuya. Da bazara marga ke rufe kanta da furanni masu launin ruwan ɗorawa.

Don Allah a kafa alluna masu sunayen itatuwan da Hausa da lokacin furensu a kewayen sansanin Wikki, a kuma koya wa 'yan rakiya bayaninsu, musamman saboda 'yan makarantar da ake kaiwa.

Naku,
Wani mai karatu, Alkaleri, Jihar Bauchi