Makarantar zane tana Zariya, amma 'ya'yanmu ba sa shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, shafukanku kan cika da shawarwari ga ɗalibai a kan likitanci da aikin lauya da injiniya da ilimin kwamfuta. Digirin zane-zane da sassaƙa kuwa ko a gefen shafi ba a ambatonsa, alhali ɗaya daga cikin makarantun da suka fi daɗewa da suna a wannan fanni a Najeriya tana nan Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello.

Sashen ma ya girmi jami'ar. A Ibadan aka fara shi a 1953, aka dawo da shi Zariya a 1955 ƙarƙashin tsohuwar kwalejin nan ta fasaha da kimiyya, wadda daga baya ta zama jami'a a 1962. Yawancin malaman farko Turawan Ingila ne, kuma abin da suka koyo a gida shi suke koyarwa. A 1958 wasu ɗalibai suka ce ba za ta saɓu ba, suka kafa ƙungiyarsu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suke cewa shi ne: a karɓi dabarar Bature ta sarrafa fenti da auna siffa, amma abin da za a zana da yadda za a tsara shi a ɗebo daga gida. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, daga baya ya kai shi Jami'ar Nsukka ya gina makaranta guda a kansa. Grillo ya daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin Yaba da ke Legas. Nwoko ya karkata ga tsara gine-gine, har a 2023 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta baje kolin gine-gine na birnin Benis a Italiya.

To, Malam Edita, sake duba sunayen nan. Mutane sun taso daga Kudu, sun zauna a ƙasar Zazzau, a nan idonsu ya buɗe suka tuna da zanen kakanninsu mata. Mu da garin yake namu fa? Daga Samaru zuwa cikin birni ba wata tafiya ba ce, ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine ke tasowa daga ƙetare don su ga bakan gizonsa. Ga zanen da ke ƙofar fadar Zazzau. Ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagi, ga zayyanar allon sauka, ga aikin dukawa, ga shunin karofin Ƙofar Mata a Kano, ga bangayen unguwar Birni a Damagaram. Al'ummar da ta mallaki waɗannan ba za a ce ba ta san zane ba. Amma idan ka leƙa ɗakunan zanen jami'a, sai ka yi ta dube-dube kafin ka ji ana Hausar gida.

A ganina tun a sakandare ake rufe ƙofar. Na koyar da zane a makarantun gwamnati har na yi ritaya, na kuma ga yadda darasin ya riƙa ɓacewa. Malamin zane ya bar aiki, ba a kawo wani ba, ɗakin zane ya koma ma'ajiyar karyayyun kujeru. Yaron da bai zauna jarrabawar zane a WAEC ko NECO ba, bai taɓa riƙe gawayin zane a gaban malami ba, ta ina zai san akwai digiri a wannan hanya? Da yawa daga cikin 'yan kaɗan ɗin da ke shiga ma ba shi suka nema ba, wani kwas suka cike aka rasa gurbi aka turo su. Wasu kan kamu da son abin daga baya. Wasu kuwa shekara huɗu suke yi suna jin kunyar faɗin abin da suke karantawa idan sun je gida hutu. A ɗaya gefen kuma ga yaron da ke zana motoci da dawakai a bayan littafinsa tun yana aji uku na firamare, abin da yake samu kawai shi ne rankwashi da "kai dai ba ka da aiki sai ɓata takarda".

Sai batun addini, wanda shi ne iyaye suka fi riƙewa, kuma ba zan kewaye shi ba. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu suranta abu mai rai suna nan cikin Bukhari da Muslim, ba wanda ya isa ya share su. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin mutum-mutumi mai inuwa da zane a takarda, da abin da aka yi don koyarwa, kuma ba su taru a kan magana ɗaya ba a kowane reshe. Fatawa aikinsu ce, uba ya je ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ya rataya a wuyana shi ne in faɗi gaskiyar abin da ke cikin karatun, don a yi tambayar da sani. Ɗalibin shekarun farko zai zana mutum, domin da shi ake koyon awo da daidaita gaɓoɓi, zai kuma taɓa aikin yumɓu. Wanda ya zaɓi sassaƙa daga baya zai yi siffofi, duk wanda ya ratsa lambun mutum-mutumin jami'ar ya gani da idonsa. Amma fagen ya fi haka faɗi. Akwai masu zanen da suka yi suna ba su zana fuska ba, launi da layi da tsari kawai suke sarrafawa. A tsangaya ɗaya kuma akwai sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyon zanen yadi da tukwanen zamani da aikin gilas da tsara abin bugawa. Musulmi ne suka kai rubutun hannu da zanen kusurwoyi matsayin da duniya ke sha'awa, daga Andalus har Istanbul. Abin mamaki, mahaifin da zai biya kuɗi mai tsoka a yi wa ɗansa zayyana ranar sauka, shi ne zai ce zane aikin banza ne.

Ina kuma jan kunnen yaran da ke ɗaukar wannan kwas a matsayin mafakar wanda lissafi ya kora. Karatu ne mai cin jiki. Za a ajiye maka tulu da ƙwarya da ƙyalle a kan tebur ka wuni kana zana su, malami ya zo ya ce inuwar ba ta zauna ba, ka sake. Za ka koyi yadda abu ke ƙanƙancewa idan ya yi nisa, da yadda launi ke canza hali idan an jera shi da wani. Akwai tarihin zane da za ka karanta ka rubuta jarrabawa a kai, tun daga tsofaffin kawunan yumɓu na Nok da aka tono a kudancin Kaduna har zuwa masu zanen Turai. Lokacin da abokanka na wasu sassan suka rufe littafi suka kwanta, kai kana ɗakin aiki kana jiran fenti ya sha iska. Mai sassaƙa kuwa har walda da kwaɓa siminti sai ya iya. A shekarar ƙarshe za ka baje aikinka a bango kowa ya gani, babu satar amsa a nan, hannunka ne zai tona ka.

Ga kuma kuɗi. Fenti mai kyau da burushi da takardar zane yawanci daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Ɗalibin tarihi zai iya aron littafi ya mayar, ɗalibin zane kuwa kowane aikin da aka ba shi sai ya sayi kayan da za su ƙare a kansa. Ya kamata hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu su san da wannan bambanci idan suna yanka wa ɗalibai alawus.

"To da zanen zai ci abinci?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba na son a amsa ta da labarin zanen Ben Enwonwu, fitaccen mai zane ɗan Najeriya, da aka sayar a Landan a 2018 kan sama da fam miliyan 1. Irin wannan sai a shekara ba a ji ba, kuma masu sayen zane su rataya a falo sun fi yawa a Legas da Abuja. Abincin mai zane a Arewa yana wani wuri. Yana wajen masu buga littattafai da kalanda, da masu sarrafa shinkafa da man gyaɗa da yaji da ke neman wanda zai tsara musu buhu da kwali, da masu shirya finafinan Hausa da ke buƙatar mai tsara ɗaki da sutura, da gidajen talabijin, da gidajen tarihi, da aji. Duba littattafan Hausa na 'yan firamare ka ga yadda ake zana mu. Rawanin ya fi kama da na Indiyawa, hular ba zanna ba ce ba dara ba, matar ta ɗaura zane yadda ba a ɗaurawa a ko'ina tsakanin Sakkwato da Haɗeja. Yanzu da ake sa kwamfuta ta ƙirƙiro hoto abin ya ƙara lalacewa, don ita ma abin da aka cusa mata take amayarwa. Wanda ya san yadda ake naɗa amawali, ya kuma iya awo da launi, shi ne zai gyara wannan, kuma za a biya shi.

Su ma jami'o'in akwai abin da nake so su duba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, mace mai ginin tukwane da ba ta yi boko ba, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. An kyauta. Amma girmamawa ta rana ɗaya ba ta isa ba. Magina masu zanen bango da masu ɗinkin hannu da marina suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma acaba da sayar da kati. A ɗauko waɗanda suka rage a sa su gaban ɗalibai zango guda, a biya su kamar yadda ake biyan malamin wucin gadi, kada a tsaya ga tura ɗalibi ya yi musu tambayoyi ya rubuta kundi ya ajiye a kanta. Idan uba ya ji cewa gwanin unguwarsu yana koyarwa a jami'a, kallon da yake yi wa sashen zai canza.

Roƙona gare ka, Malam Edita, kafin a buɗe rajistar JAMB ta gaba ku buga darussan da ake buƙata don shiga wannan fanni, da jami'o'i da kwalejojin ilimin da ke yin sa a Arewa, kamar yadda kuke yi wa sauran. Idan ɗaliban shekarar ƙarshe za su baje kolin ayyukansu, ku tura wakili da mai ɗaukar hoto Samaru. Ku kuma tambayi kwamishinonin ilimi na jihohinmu makarantun sakandare nawa ne a ƙarƙashinsu ke da malamin zane a yau, ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin zane,
Tudun Wada, Zariya.