A kula da na'urorin da ke fitar da littattafanmu na Hausa

Mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana kan wani sashe na aikin ɗab'i da ba a cika waiwayarsa ba. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ake ta batun rubuta littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci, kuma wannan abin murna ne. Sai dai yawancin masu magana a kan marubuci da kwamfuta suke tsayawa, kamar da zarar shafi ya yi kyau a allon kwamfuta shi ke nan aiki ya kammala. Ni da nake cin abinci da tsara shafuka a wata maɗaba'a a nan Yamai, na san cewa tsakanin allon da hannun ɗalibi akwai na'urar da ke gyara aiki ko ta ɓata shi.

Babban injin da ke buga dubban kofe daga farantin alminiyam yake ɗaukar rubutu, don haka dole a fara sauke shafin a kan faranti. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce ta na'urar da ke zana shafi da hasken leza a kan fim, tana jera ɗigo wajen 2400 a kowane inci, wato santimita biyu da rabi. A wanke fim ɗin da sinadari, a shimfiɗa shi kan faranti, a haska su da fitila mai ƙarfi har zanen ya kama. Idan aikin mai launi ne, fim huɗu ake fitarwa: na shuɗi, na ja mai ruwan hoda, na rawaya da na baƙi, kuma tilas su hau kan juna daidai ba tare da gocewa ba. Wannan hanya ta bazu ne bayan kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da PostScript, wato harshen da kwamfuta ke bayyana wa na'urar bugu tsarin shafi da shi, a 1984, daga baya kuma, a shekarun 1990, aka samu na'urorin da ke zana faranti kai tsaye ba tare da fim ba.

Dukansu biyun suna da tsada, shi ya sa ƙananan maɗaba'u ke komawa ga dabarar da kowa a sana'ar ya sani: a juya shafi kamar yadda yake fitowa a madubi, a buga shi da na'urar leza ta ofis a kan takarda mai shara-shara da muke kira kalk, sannan a haska faranti da ita a madadin fim. Ga rasit ko katin biki, wannan ya wadatar, kuma ban raina masu yin sa ba, domin da shi suke ciyar da iyali. Amma ga littafin makaranta akwai illa. Na'urar ofis ɗigo 600 a kowane inci ta saba jerawa, garin tawadarta ba ya toshe haske sosai, kuma zafin da take manne garin da shi, wanda ke kusan digiri 200, yana ɗan takure takardar. Sakamakon haka sai ka ga taswirar Nijar ta fito, launin jihar Tawa ya malala cikin ta Agadas, ko hoton ganyen gero ya koma baƙin tabo da malami ba zai iya nuna wa yaro komai a cikinsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Tun 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, amma salon haruffa da yawa ba su ɗauke da su. Idan aka kai aiki maɗaba'a kuma kwamfutar da ke ciyar da na'urar ba ta da salon da marubuci ya yi amfani da shi, sai ta musanya shi da wani, harafin ya faɗi ko ɗan akwati ya maye gurbinsa. Na taɓa riƙe wani ɗan littafin koyar da manya da aka buga a wani wuri, inda kowane ƙ ya zama fili a tsakiyar kalma, kuma an riga an raba shi a ƙauyuka. Maganin wannan ba ya cin ko dala: a ajiye aikin a matsayin PDF, wato fayil ɗin da ke riƙe tsarin shafi yadda yake, tare da salon haruffan a cikinsa, a fitar da kofe ɗaya na gwaji, wanda ya iya karatun Hausa ya duba ya sa hannu kafin a taɓa faranti.

Ga kuma yanayinmu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan madubin leza ta bar farin layi a shafi, zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana lalata sinadarin wanki, ɗaukewar wuta kuwa a tsakiyar zane asarar faranti ce ɗungurungum.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar littattafai su riƙa sharɗanta irin na'urar da za a fitar da faranti da ita, su kuma ƙi karɓar aikin da ba a sa hannu kan gwajinsa ba. Ina kira ga masu maɗaba'u su haɗa kuɗi su sayi na'urar faranti guda a ɗaki mai sanyi, kowa ya kawo aikinsa ya biya. Abokan cinikinmu na Tawa da ke aiko mana da aiki ta motar fasinja daga nisan fiye da kilomita 500 sun fi kowa bukatar irin wannan a garinsu. Makarantun koyon sana'a su ma su horar da matasan da za su iya kwance waɗannan na'urori su gyara, domin a yau idan ɗaya ta tsaya, sau da yawa sai an jira mai gyara ko kayan gyara daga waje.

Na gode da wannan fili.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin maɗaba'a, Yamai