Man shafawar da na yi miki alkawari

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyi, ya kuma hidimar gida? Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har sau biyu. Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne da kika ce ƙwaurinki ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka, faso ya tsattsaga miki dunduniya, ga ƙaiƙayi da dare ya hana ki runtsawa. Kin ce kin sayi mayuka kala-kala, kowanne bayan awa biyu sai ka ce ba ki shafa komai ba. Wallahi na tausaya miki, don ni ma na sha wannan ƙaiƙayin shekara da shekaru. Shi ya sa na ƙi amsa miki a tsaitsaye. Na ce gara in nemi wuri in zauna, in rubuto miki yadda nake haɗa nawa tun daga farko, har da inda na yi kuskure, don kada ki bi ta nan.

Akwai abin da na daɗe ban gane ba, kuma shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Mai ba ya ba fata ruwa. Aikinsa ya tsare ruwan da ya tarar kada ya fita. Saman fatarmu kamar katanga take, matattun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani kitse na jiki kuma shi ne lakar da ta riƙe su. Idan iska ta bushe, ko aka yawaita wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi, lakar nan sai ta zaizaye, ruwan jiki ya riƙa tsiyayewa ta kafofin, daga nan kaushi da ƙaiƙayi su biyo baya. Galibin mayukan kanti masu ruwa-ruwa, ruwa ne kaso mafi yawa a cikinsu, shi ya sa suke da daɗin shafawa kuma suke saurin ɓacewa. Wannan da zan koya miki zallan mai ne, babu ko ɗigon ruwa a ciki. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ki nemi ƙaramin sikeli mai auna giram. Na san za ki ce cokali ma ya isa, amma man da ya daskare ba ya aunuwa da cokali yadda ya kamata, yau ki ciko shi gobe ki rage, sai haɗin ya riƙa sauya miki ba ki san dalili ba. Ni giram 200 nake yi a lokaci guda: giram 100 na man kaɗanya, 40 na man koko (kitsen 'ya'yan kokon da ake yin cakulan da shi), 20 na man kwakwa, sai 40 na mai mai ruwa, sunfulawa (man 'ya'yan furen sunflower) ko almon (man ƙwayar almond). Wato kusan kashi 70 cikin 100 daskararre, sauran mai laushi. Man kaɗanya shi ne ginshiƙi. Ki nemi ɗanye, wanda launinsa ya ɗan karkata ga ruwan madara ko ruwan ɗorawa, mai ɗan ƙamshin hayaƙi. Tataccen fari ne tas kuma ba shi da wari, idan hancinki ba ya son na ɗanyen babu laifi ki yi da shi. Man koko shi ke ba haɗin ƙarfi, don sai zafi ya kai wajen digiri 34 a ma'aunin Celsius yake narkewa, man kwakwa kuwa digiri 24 ma ya ishe shi. Tunda wurinku sanyi ne, ki rage kokon zuwa giram 25 ki ƙara mai ruwan, in ba haka ba zai yi miki tauri har sai kin ƙwaƙule shi da farce.

Na san hankalinki zai tafi ga man zaitun, don shi kowa ya fi sani. Ni na daina sa shi a wannan haɗin. A 2013 an buga wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, inda manya suka yi mako 4 suna shafa mai a damtsensu. Aka ga man zaitun ya raunana wannan katangar ta fata, na sunfulawa kuwa bai yi mata illa ba. Mutanen ba su da yawa, amma ga mai fata irin taki wadda ta riga ta tsage, na ga ba dalilin yin kasada. Idan kuma akwai wanda almon ba ya karɓarsa a gidan, ki bar shi ki tsaya ga sunfulawa.

Wajen narkarwa, kada ki ɗora mai kai tsaye a kan wuta. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki aza kwanon ƙarfe ko na gilashi a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, wuta ƙasa-ƙasa, tururi ya yi aikinsa. Ki fara da koko bayan kin yayyanka shi ƙanana, sai kaɗanya, sai kwakwa. Idan ya narke sarai har kina hango ƙasan kwanon, ki bar shi ya ƙara 'yan mintoci, sannan ki sauke, ki goge gumin da ke bayan kwanon da busasshen tsumma, ki zuba mai ruwan ki juya.

A nan ne na fara faɗuwa. Karon farko da na yi, na sauke kwanon na ajiye shi a kan teburi na tafi sabgogina, na ce ya huce a hankali. Washegari na buɗe, ido ya ga abu mai kyau, amma da na lakato na murza a bayan hannuna sai na ji tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka an sayar mini da gurɓataccen mai ne. Ashe man ba shi da laifi. Kaɗanya tana ɗauke da kitse iri-iri, kowanne da zafin da yake daskarewa, idan aka bar ta ta huce sannu a hankali sai mai taurin ya riga sauran, ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi. Ba ya cutarwa, yana narkewa a jiki, amma ba daɗin shafawa. Maganinsa a sanyaya shi da sauri. Ki sa kwanon a firji, ki riƙa leƙawa. Abin da kike jira shi ne gefe-gefen ya daskare ya yi fari, tsakiyar kuma ta yi kauri, in kin danna da yatsa ya lotsa ya bar gurbi. A wurina yakan ɗauki minti 40 zuwa awa ɗaya. Idan kuma kin riga kin samu tsakin, ki sake narkar da shi duka ki maimaita, ba asara.

Sai bugu, kuma nan ne na fi so. Ki sa na'urar kaɗawa ta hannu, ki fara a hankali sannan ki ƙara gudu. Minti biyu na farko kamar ba abin da ke faruwa. Can sai ki ga launin ya fara washewa, ruwan ɗorawar nan ya koma fari-fari, haɗin ya taso ya cika kwano, in kin ɗaga na'urar ya bar ɗan tsini a tsaye bai rusuna ba. Minti 5 zuwa 10 sun isa. Har yau in na kai wannan gaɓar sai na tsaya na ɗan kalle shi kafin in kwashe. A lokacin bugun ne nake zuba ƙaramin cokali biyu na sitacin masara da na tankaɗe, yana rage maiƙo sosai, tufafi ba sa kamawa. Nakan ƙara giram 1 na man bitamin E, shi kuma yana jinkirta warin tsohon mai.

Yanzu in koma kan maganar ruwa. Da hannuna ya fara faɗawa, sai na ce bari in ƙara armashi, na zuba ruwan wardi da majinar alobera a wani haɗi. Ya yi laushi, ya yi ƙamshi, na ji daɗi har na ɗiba wa wata 'yar'uwata. Ba a rufa mako uku ba na ga ɗige-ɗige baƙi da kore a ƙarƙashin murfi. Fumfuna ce. Na zubar da shi duka, na kira ta na roƙe ta ta zubar da nata, hankalina bai kwanta ba sai da ta tabbatar mini ba abin da ya same ta. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ruwa suke buƙata su rayu. Zallan mai ba ya ba su wurin zama, amma da zarar ruwa ya shiga, dole sai da sinadarin kariya na musamman, kuma bitamin E ba ya wannan aikin ko kaɗan, komai abin da za a gaya miki. Don haka kwano, cokali, kwalba da murfinta, duk su bushe ƙarau kafin su taɓa man. Kada ki ajiye shi a banɗaki inda tururi ke tashi, kada ki tsoma jiƙaƙƙen yatsa. Ki ajiye ɗan busasshen cokali a gefe don ɗiba. In kin kiyaye, zai yi miki wata 6 lafiya lau a wuri mai sanyi da ba rana. Hancinki zai gaya miki ranar da ya tsufa.

Amma a jikinki, ruwan nan shi ake nema. Kina fitowa daga wanka, ki ɗan daddanna tawul kawai, kada ki goge tas. Tun jikin da sauran danshi, ki ɗebi kamar girman ƙwayar wake, ki murza a tafin hannu har ya narke, ki bi ƙwauri da shi, ki ƙara wani ɗan kaɗan ga gwiwa da gwiwar hannu. Idan kika shafa a busasshiyar fata, zai zauna a sama yana ƙyalli, ƙasan na nan da ƙishirwarsa, sai ki ce bai yi aiki ba. Ki kuma rage zafin ruwan wankan, na san da wuya a wannan sanyin, amma rabin gyaran yana nan. Dunduniya kuwa, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi minti 10 da dare, ki shafa da kauri, ki sa safar auduga ki kwanta.

Batun ƙamshi, shawarata ki bar na farko haka nan, kokon ma yana da nasa mai daɗi. Fatar da ta tsage ba ta son turare. Idan ta warke kina so, tataccen man furen lafanda giram 2 a cikin 200 ya isa, kada ki wuce, kuma sai haɗin ya huce ake zubawa. Ki guji na lemon tsami da bagamot (wani nau'in lemo), suna iya ƙona fata su bar tabo in rana ta doke ta. Wanda za ki shafa wa yara ko mai ciki kada ki sa masa komai. Kafin ki game jiki da shi, ki ɗan shafa a cikin damtse ki jira kwana biyu ki gani. Fuska kuma ki yi hattara, koko da kwakwa suna toshe wa wasu kafofin fata su fito da ƙuraje.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan man ba ya sa haske, ba ya kare zafin rana, ba kuma ya goge nanƙarwa. Laushi yake sawa, ya kwantar da ƙaiƙayin bushewa. Idan kika yi mako biyu kina shafawa ƙaiƙayin bai lafa ba, ko wurin ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, ko fason yana jini, don Allah ki je ki ga likitan fata, kada ki tsaya jiran mai. Na faɗi haka ne don na san halinki da haƙuri da ciwo.

Ki gwada rabin ma'aunin tukuna, ki rubuto mini yadda ya fito, musamman ko ya yi tauri da yawa a sanyinku, sai mu gyara lissafin tare. Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan yara. Kewarki ta ishe ni, Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙawarki