Amsa Ga Ƙanena: Ba Don Uwarsa Vijay Ya Shiga Fasa-ƙwauri Ba

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar, da muka gama kallon fim ɗin Indiyan nan Deewaar, ka miƙe a gaban jama'a ka ce: "Yaya, ta yaya za ka ɗora wa Vijay laifi, alhali duk abin da ya yi don mahaifiyarsa ya yi?" Aka kira magariba muka watse ban ba ka amsa ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Ban musa cewa Vijay yana son uwarsa ba. Ya gan ta tana dakon bulo a wurin gini a Bombay, shi kuma ya riƙa goge takalma don ƙaninsa Ravi ya yi makaranta. Amma abin da ke tuƙa shi yana rubuce a hannunsa. Ka tuna ubansu shugaban ƙwadago ne, aka yi barazanar kashe iyalinsa ya sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin leburori, ya gudu ya bar gari. Leburori suka huce a kan yaro, suka zana masa "ubana ɓarawo ne" a fata, zanen da ba ya gogewa. Daga ranar Vijay bai sake neman komai ba sai a daina yi masa kallon raini. Tun yana ƙarami aka jefa masa kuɗin gyaran takalmi a ƙasa ya ƙi ɗauka, ya ce a miƙa masa a hannu. Yaron da yunwa kaɗai ke damunsa zai sunkuya ya ɗauka.

Inda na fi kafa hujja shi ne lokacin da Ravi, wanda ya zama ɗan sanda, ya ajiye masa takarda ya ce ya sa hannu ya amsa laifinsa na fasa-ƙwauri. Uwarsu tana tsaye, ita ma abin da take so ke nan. Da don ita yake yi, ai nan ne wurin da zai nuna. Sai ya ƙi, ya ce a fara karɓo sa hannun wanda ya kira ubansa ɓarawo, da wanda ya wulaƙanta uwarsa, da wanda ya yi masa rubutu a hannu. Uwar ta kwashe kayanta ta bi Ravi, ta bar masa katafaren gidan. Ko benen da ya saya, wanda ta yi wa dakon bulo, ita ba ta roƙe shi ba. Zuciyarsa ce ke bin duniya bashi.

A nan ne nake jinjina wa Amitabh Bachchan, wanda ya fito a Vijay. Mutane sun fi tuna faɗan da ya yi a sito, inda ya kulle ƙofa ya jefa wa ɗan daba makulli. Ni kuwa shirunsa ne ya kama ni. Ba ya ɗaga murya sai da dalili, kafaɗunsa a sake, ido a kafe, kamar tukunyar da aka danne wa murfi. Sai a wurin bautarsu, da uwarsa ta kwanta rashin lafiya, mutumin da ya yi shekaru yana ƙin shiga ya hau matakala, muryarsa na rawa. Wallahi duk lokacin da na kai wurin nan sai jikina ya yi sanyi.

Kada kuma ka raina Shashi Kapoor da ya fito a Ravi, kamar yadda na ji wasunku suna yi. Fitowa a mutumin kirki ya fi wuya, don ba shi da abin burgewa. A ƙarƙashin gada Vijay ya lissafa masa gida da mota da kuɗin banki, shi kuwa ya amsa da cewa yana da uwa, a hankali, ido cike da ƙwalla, ba da gadara ba. Ka san ma ya girmi Amitabh da shekara 4, amma ya fito a ƙani kuma ba wanda ya ga baƙon abu.

Na fahimci dalilin da ya sa kake bayan Vijay. Fim ɗin, wanda Yash Chopra ya ba da umarni, ya fito a 1975, lokacin da tsadar rayuwa da rashin aiki suka ishi talakan Indiya, kuma Salim da Javed sun rubuta shi yadda dole ka tausaya masa. Ni ma ina tausayinsa, har gobe. Sai dai uwar da kake cewa don ita ya yi, ita ce ta miƙa wa Ravi bindiga da hannunta da zai fita neman Vijay, sannan ta tafi wurin bauta ta jira babban ɗanta.

In Allah ya kai mu Asabar mai zuwa, ka zo da wuri mu sake kallon wurin takardar nan. Ka bar sauraron maganar Vijay, ka dubi fuskar Nirupa Roy, wadda ta fito a uwarsu, lokacin da ya ƙi karɓar alƙalamin.

Yayanka.